Hukuncin Tukunya Ɗaya: Dafa-duka, Jambalaya da Cakuɗuwar Halal da Haram

Dafa-duka girki ne da ake haɗa shinkafa da mai da kayan miya da nama ko kifi a tukunya ɗaya, a bar su su dahu tare har shinkafar ta shanye romon. A Birnin Kudu da Gwaram, kudancin Jihar Jigawa, tuwon dawa da na gero da na masara su ne cimar yau da gobe, amma dafa-duka ta daɗe da samun gurbinta. Ita ake yi ranar suna da walima da Sallah, ita ake tarar baƙon da ya sauka ba sanarwa da ita, kuma ita ke cika kulolin masu sayar da abinci a bakin titin da ya taso daga Kano, ya bi ta Wudil, ya ratsa Birnin Kudu ya nufi Jihar Bauchi. Ana soya albasa a man gyaɗa ko manja, a zuba jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir, a sa daddawa da gishiri, a tsai da sanwa. In akwai kaza, da romonta ake tsai da sanwar. Ruwa na tafasa sai a wanke shinkafa a zuba, a rufe, a janye itace, a bar ta ta turara.

Wannan girki yana da 'yan uwa a nesa. A Jihar Luwiziyana ta kudancin Amurka akwai jambalaya, wadda ita ma shinkafa ce da nama a tukunya ɗaya. Iri biyu aka fi sani: ta Kiriyol, mai tumatir, da ta Kajun, wadda ba a sa mata tumatir, sai dai ta samu launin ƙasa-ƙasa daga naman da aka soya har ya kama gindin tukunya. Kajun jikokin Faransawan Akadiya ne, a gabashin Kanada ta yau, waɗanda Turawan Ingila suka fara kora daga ƙasarsu a 1755, wasunsu suka gangara Luwiziyana. Kafin zuwansu, tun 1719, jiragen bayi sun fara sauke 'yan Afirka ta Yamma a can, da yawansu daga yankin Senegal da Gambiya, mutanen da suka gaji noman shinkafa kaka da kakanni. Shi ya sa masana tarihin abinci ke danganta jambalaya da shinkafar jalof, wato dafa-dukar Afirka ta Yamma, ko da yake wasu na ganin hannun Sifaniyawa da Faransawa a cikinta.

Bambancin da ya shafi Musulmi yana cikin sinadari ɗaya. Jambalayar Kajun ta kaza ana yin ta ne da sosej, wato naman da aka niƙa ko aka daddatsa, aka cuɗa da kayan yaji, aka ɗura cikin hanji. Wanda suka fi amfani da shi, anduwi, naman alade ne da aka banda a hayaƙi. Shi ake fara jefawa a tukunya don kitsensa ya narke, a soya kazar a cikin wannan kitse, a bi da albasa da koren tattasai da seleri, sannan romo, sannan shinkafa. Ɗalibin Birnin Kudu da karatu ya kai shi ƙetare, ko matar aure a Gwaram da ta ga girkin a waya ta so gwadawa, za su iske tambayar da malaman fiƙihu suka daɗe da tattaunawa: idan halal da haram suka dahu a tukunya ɗaya, me ya rage na halal ɗin? In kuma ba a tabbatar akwai haram a ciki ba, har ina ake bin bincike?

Abubuwan da aka haramta ci saboda zatinsu ba su da yawa. Alƙur'ani ya jero mushe, da jini, da naman alade, da abin da aka yanka da sunan wanin Allah, a Baƙara aya ta 173, da Ma'ida aya ta 3, da An'am aya ta 145, da Nahli aya ta 115. A An'am an ƙayyade jinin da wanda ya kwarara, don haka ɗan jan da ke saura a jijiyoyin nama bayan yanka, wanda yakan fito a kumfar romo, bai shiga ba. Matsalar tana farawa ne daga cakuɗuwa, kuma asalin da malamai suka gina hukuncinta a kai hadisin Maimuna ne, matar Annabi (SAW), wanda Malik da Buhari suka ruwaito: ɓera ya faɗa cikin man shanu ya mutu, aka yi umarni a cire shi da abin da ke kewaye da shi, a ci sauran.

Daga nan Malikawa, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan malaman wannan yanki, suka raba abinci gida biyu: mai ruwa da daskararre. Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya kawo rabon a Risala, inda ya nuna cewa man da ya narke zubar da shi ake yi in ɓera ya mutu a ciki, daskararre kuwa a kwashe wurin kawai, sai dai in gawar ta daɗe. Halilu ɗan Ishaƙ, a Muhtasar ɗinsa na ƙarni na 14, ya tsaurara lafazin: abinci mai ruwa, komai yawansa, najasa kaɗan tana ɓata shi. Ma'aunin daskarewa a wurin masu sharhi mai sauƙi ne. In aka ɗebi wani abu daga abincin, gurbin bai cike da sauri ba, daskararre ne. Mai kwasar tuwo da mara ta san wannan ma'auni tun kafin a faɗa mata.

Abin lura game da dafa-duka shi ne ba ta zauna a gida ɗaya cikin gidajen nan biyu ba. Tana fara rayuwarta a matsayin romo, ta ƙare a matsayin daskararren abinci, duk cikin ƙasa da sa'a ɗaya. Saboda haka hukuncinta yana rataye ne da lokaci. Najasar da ta faɗa tun sanwa na tafasa ta game tukunyar baki ɗaya, kuma shinkafar da za a zuba ba abin da za ta sha sai wannan romon. Naman ma bai tsira ba, domin Halilu ya lissafa naman da aka dafa da najasa cikin abubuwan da wanki ba ya tsarkake su, tare da man da ya cakuɗa, da zaitun da aka jiƙa, da ƙwan da aka dafa a cikinta. Dalili shi ne wuta tana buɗe nama, abin da ke cikin ruwa ya kai har can ciki. Amma in girki ya nuna, shinkafa ta tsane, sannan wani abu ya faɗa a gefen tire, to wurin ake kwashewa da ɗan abin da ke kewaye gwargwadon yadda ake zaton ya ratsa, sauran kuma a ci. Haka naman da ya riga ya dahu kafin najasar ta same shi: masu sharhi sun ce a ɗauraye romon da ke jikinsa, ya halatta. Abu ɗaya ne ya faɗa cikin tukunya ɗaya, amma minti ashirin tsakani sun raba asarar loma biyu da asarar girkin gida duka.

Da wannan ma'auni hukuncin jambalayar anduwi a fili yake. Aladen ba faɗawa ya yi ba, sa shi aka yi, kuma shi aka fara sawa don kitsensa ya ratsa komai. Wanda ya tsince gutsattsarin sosej ya ajiye gefe ya ci shinkafar da kazar bai kauce wa komai ba, domin abin da ya tsince saura ne bayan kitsen ya riga ya tafi inda aka aike shi. Hausawa na cewa wake ɗaya ke ɓata gari. A nan ba ma wake ɗaya ba ne, shi ne ginshiƙin ɗanɗanon. Akwai kuma misali daga zamanin Annabi (SAW). A yaƙin Haibar, shekara ta 7 bayan hijira, sahabbai sun ɗora tukwane da naman jakunan gida cikin tsananin yunwa, sai sanarwar haramci ta zo tukwanen na tafasa, aka kifar da su da naman da romon. Ba a ce a tsame naman a sha romon ba.

Duk da haka haramcin bai bi sunan girkin ba, bai kuma bi ƙasar da ya fito ba. In aka yi jambalaya da kazar da aka yanka bisa ƙa'ida, aka maye gurbin anduwi da sosej na naman sa da aka tabbatar da shi, ko da naman banda da ke ba da ƙamshin hayaƙi iri ɗaya, halal ce kamar kowace dafa-duka.

Tsananin da ke cikin maganar Halilu game da najasa kaɗan bai samu amincewar kowa ba, kuma ya kamata a san hakan. Ruwayar hadisin ɓera da ta bambanta narkakken mai da daskararre ta zo ne ta hanyar Ma'amar daga Zuhuri, Buhari kuwa ya ɗauke ta kuskure. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya tafi a kan cewa abinci mai ruwa hukuncinsa ɗaya da ruwa: ba ya zama najasa sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya sauya. A cikin mazhabar Malik kanta an ruwaito sassauci game da ɗigo ɗaya a abinci mai yawa. Wannan saɓani ba na takarda ba ne kawai. Katuwar tukunyar biki tana cin kwano da yawa na shinkafa, da kaji, da mai, wani lokaci da bashi aka haɗa su, kuma ɓarnatar da dukiya shi ma abin hani ne. Malamin da aka kawo wa irin wannan tambaya a ƙauyen Gwaram ranar ɗaurin aure yana da hurumin duba girman tukunya da ƙanƙantar abin da ya faɗa da halin mai gida, kuma wannan shi ya fi kusa da manufar shari'a. Ko a ra'ayi mai tsanani ma abincin da najasa ta taɓa ba ya zama shara: ana ba dabbobi, man kuma ana kunna fitila da shi a wajen masallaci ko a yi sabulu. Sassaucin dai ba ya kai wa ga jambalayar alade, tunda ita ɗanɗano da ƙamshi duk sun sauya, da gangan kuma.

Wannan duk hukuncin abin da aka tabbatar ne. Inda aka fi shan wahala shi ne inda ba a sani ba, kuma a nan tukunyar ta haɗa ƙa'idoji biyu masu fuskantar juna. Shinkafa da albasa da tattasai asalinsu halal ne, ba a neman hujja kafin a ci su. Nama kuwa ba ya halatta sai da yanka. A wurin Malikawa yanka shi ne a yanke maƙogwaro da manyan jijiyoyin jini biyu na wuya, ta gaba, ba tare da ɗage wuƙa ba kafin a gama, da niyya da ambaton sunan Allah. Wanda ya manta bisimilla ana cin yankansa, wanda ya bar ta da gangan ba a ci. A al'adar Hausawa mace ba ta yanka kaza, sai ta aika a nemo namiji ko da almajirin unguwa ne, amma wannan al'ada ce. Hadisin baiwar Ka'abu ɗan Malik, wadda ta yanka akuyar da ke shirin mutuwa da kaifin dutse aka kuma halatta cinta, ya nuna yankan mace ya inganta. Tsoma kaza a ruwan zafi don a fige ta ma an tattauna shi, saboda jinin da ke wurin yankan. Masu sharhin Muhtasar sun ce wannan ɗan tsomi bai kai dafuwa ba, wanki ya isa, ko da yake wanke wuyan kafin a tsoma ya fi.

A kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu wannan sharaɗi ba ya zama nauyi. Kaza da ranta ake sayen ta, a yanka a gaban mai ita ko a gida. Naman shanu da na awaki yana fitowa daga hannun mahautan da aka san su, aka san iyayensu, ƙarƙashin Sarkin Fawa. Ba a ɗora wa mai saye ya bi kowace tsoka zuwa kwata ba. A'isha ta ruwaito cewa wasu sun kawo kukan ana kawo musu nama daga mutanen da ba su daɗe da musulunta ba, ba su sani ba ko an ambaci sunan Allah, sai aka umarce su su ambata da kansu su ci. Kasuwar Musulmi hujja ce a kanta. Baƙon da aka ajiye wa dafa-duka a gidan Musulmi ya shiga tambayar wa ya yanka kazar bai yi tsantseni ba, ya dai muzanta mai masaukinsa.

Sosej shi ne ya warware wannan igiyar sani. Niƙa yana shafe kamannin nama, yaji da hayaƙi suna rufe ƙamshinsa, kuma masana'anta ɗaya tana iya sarrafa naman dabbobi daban-daban da injuna ɗaya. Ko da cikin naman sa ne ko na kaza, hanjin da aka ɗura shi ciki yana iya zama na alade, domin shi ne aka fi amfani da shi a Turai da Amurka. Rubutun jikin kwali ma yakan saɓa wa abin da ke ciki. A Janairun 2013 hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar Ailan ta bayyana cewa ta gano burbushin naman doki da na alade a niƙaƙƙen naman da ake sayarwa da sunan na shanu, binciken da ya bazu zuwa ƙasashen Turai da dama. Ayar Ma'ida ta 5, wadda ta halatta abincin Ma'abota Littafi, tana buɗe ƙofa ga yankan Kirista da Bayahude, kuma Kajun galibinsu Kiristoci ne 'yan Katolika. Alƙali Ibnul Arabi, Bamalike ɗan Andalus da ya rasu a 1148, ya faɗaɗa ƙofar har ya halatta kazar da Kirista ya murɗe wa wuya in malaman addininsa na ganin hakan halal, kuma Muhammad Abduh, muftin Masar, ya bi wannan hanya a fatawarsa ga Musulmin Taransibal ta Afirka ta Kudu a 1903. Mafi yawan malamai ba su bi su ba. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yarda da yankan inji in sharuɗɗa sun cika, ta kuma ƙi sumar da kaji da lantarki saboda wasu kan mutu kafin wuƙa ta kai gare su. Amma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya ce ayar ta halatta alade.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsara wannan babi a Ihya'u Ulumiddin ta hanyar da har yau take aiki. In mushe ɗaya ya ɓace cikin yankakku goma da za a iya ƙirgawa, duka ake bari. In kuwa haram ƙididdigagge ne ya ɓace cikin halal marar iyaka, kamar naman sata kaɗan a kasuwannin babban gari, ba a hana mutum cin nama a garin, in ba haka ba rayuwa ta tsaya. Tambaya tana zama dole ne idan akwai alama, ko idan haram ya rinjaya a wurin. Sosej da aka saya a garin da alade ne naman sosej na yau da kullum, alamar tana tare da shi, sai an bincika. Kazar gidan maƙwabci a Gwaram ba ta ɗauke da wata alama. Mai tsantseni da mai waswasi suna iya yin tambaya iri ɗaya, abin da ya raba su shi ne ko akwai dalilin yin ta.

Akwai haram na biyu da tukunya ke iya ɗauka wanda harshe ba ya jin sa, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Rafi'u ɗan Hadij ya ruwaito cewa a wata tafiya yunwa ta kama mutane, suka samu raƙuma da tumaki na ganima, suka yi gaggawar yankawa suka ɗora tukwane kafin a raba. Annabi (SAW) ya sa aka kifar da tukwanen, sannan ya yi rabo. Dabbobin halal ne, yankan ma daidai ne, hakkin wasu ne kawai ke ciki. Nawawi na ganin romon aka zubar, naman aka mayar cikin ganima, amma ko ta yaya aka fahimce shi, girkin bai ci gaba ba. Kazar da ta shigo daga gidan maƙwabta aka rufe ƙofa a kanta, da shinkafar tallafi da aka karkatar daga waɗanda ambaliya ta cinye wa gona, da kuɗin cefanen da aka tara ta hanyar tauye mudu, wanda Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi a kansa, duk suna cikin wannan babi. Mutum yakan kwana yana bincike a kan sinadarin ɗanɗano da aka shigo da shi daga waje, bai taɓa tambayar kansa inda kuɗin shinkafar ya fito ba, alhali na biyun ya fi kusa da shi kuma ya fi sauƙin sani. Hukuncin iri biyun ya bambanta. Haram na zati yana cikin abincin, yana bin duk wanda ya sani ya ci. Haram na hakki yana kan wuyan wanda ya ɗauka da wanda ya ci da sani. Baƙon da bai sani ba babu laifi a kansa. Kazar da ta dahu ba ta komawa akurki, don haka ƙimarta ta zama bashi, ba kuma abin da ke sauke shi sai biya ko yafewar mai ita.

Saura tukunyar kanta. A Haibar an fara cewa a fasa tukwanen, da wani ya tambaya ko a wanke su, aka yarda. Abu Sa'alaba, wanda ke zaune cikin Ma'abota Littafi, da ya tambayi Annabi (SAW) game da kwanukansu, an ba shi amsar cewa in akwai wasu kwanuka ya yi amfani da su, in babu ya wanke nasu ya ci a ciki. Tukunyar ƙarfe ko ta dalma, da cokali da farantin tangaran, ba sa shan komai, wanki da ruwa mai tsarki har maiƙo da ƙamshi su gushe ya wadatar, ko da alade aka dafa a ciki. Wannan ne ke sauƙaƙa aron tukwane tsakanin Musulmi da Kirista a gidajen ma'aikata da ɗakunan ɗalibai. Tukunyar ƙasa marar shafe ita ce Halilu ya keɓe, domin tana da ƙofofin da ruwa ke nutsewa ciki, kuma najasar da ta daɗe a cikinta har ta ratsa ba ta fita da wanki. Muciya da akushi na itace ana kwatanta su da ita in sun jiƙa sun sha. Wasu masu sharhi sun taƙaita hukuncin ga sabuwar tukunya, suna ganin tsohuwar da ta sha girki ƙofofinta sun toshe. Wadda hukuncin ya hau kanta ba a sake dafa abinci ko ajiye ruwan sha a cikinta, amma ana iya mayar da ita mazubin toka ko kaskon shuka.